Ba kowane ciwon kafaɗa ne gocewar ƙashi ba

Jama'a tun muna yara muke ji a ƙauyukanmu, da kafaɗa ta riƙe sai a ce ƙashi ne ya goce, a tafi wajen maɗori ya ja hannun. In ƙashi ya goce da gaske siffar kafaɗar ma canzawa take, hannun kuma da ƙyar yake motsuwa.

Akwai tsokoki 4 da suka taso daga allon kafaɗa suka riƙe kan ƙashin damtse. Ta saman, sufrasfinatus, ita ke taimakawa wajen ɗaga hannu gefe, jijiyarta ta bi ta wani matsatsin wuri ƙarƙashin ƙashi, shi ya sa yawan daka da jan guga da jifa ke gogar ta har ta kumbura ko ta yage, kuma ciwon ya fi tashi da dare in ka kwanta a kan kafaɗar.

Ga gwajin: miƙe hannu gefe daidai kafaɗa, ɗan karkato shi gaba, juya babban yatsa ƙasa kamar kana zubar da ruwan moɗa, wani ya danna hannun ƙasa a hankali kai kuma ka riƙe. Gwada ɗayan ma. In hannun mai ciwon ya yi zafi ko ya faɗi, jijiyar ake zargi, jan hannun zai iya ƙara mata rauni, asibiti za a je a duba.

Don Allah ku tura wa 'yan uwa, musamman iyayenmu mata masu daka.