Waiwaye: Daga Makarantar Alƙalai Zuwa Jami'ar Bayero

Bara, bayan an gama kai amfanin gona gida, wata jikar baffana a ƙauyenmu na ƙasar Ringim ta sami gurbin karatu a Jami'ar Bayero. Baffa malamin zaure ne, bai taɓa zama a benci ba, kuma har gobe yana ɗari-ɗari da duk abin da aka kira boko. Ya aika aka kira ni bayan la'asar, ya ce, "Kai ɗan nan, makarantar nan da za a kai yarinyar nan, shukar wa ce? Ta Turawa ce ko ta mutanenmu?" Na ce, "Allah gafarta Malam, saiwarta tana cikin littattafan da ke gabanka." Amsar da na ba shi a ranar gajeriya ce. Wannan ita ce doguwar.

Wanda zai ba da tarihin jami'ar nan daga 1977, shekarar da ta tsaya da ƙafarta, ya fara labari daga tsakiya. Sai an koma 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, lokacin da aka buɗe makarantar koyon shari'a a cikin birni domin horar da alƙalan lardunan Arewa. Turawa sun bar shari'a a hannun alƙalan En'e, ga kuma buƙatar waɗanda suka yi karatu mai tsari. Daga Sudan aka ɗauko malaman farko. Karatun kuwa ba baƙo ba ne, fiƙihun Malikiyya ne da Larabci, irin wanda ake yi a zaurukan Ringim da Haɗeja da Gwarzo. Abin da ya zo sabo shi ne aji, da ƙararrawa, da jarrabawa, da takardar shaida a ƙarshe. Almajirin da ya saba zama gaban malami ɗaya har ya sauke littafi, yanzu ga shi yana bin jadawali. Marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi yana cikin waɗanda suka yi karatu a can. A 1947 aka faɗaɗa ta, ta koma Makarantar Nazarin Larabci, wadda Kanawa suke kira SAS.

A cikin harabar SAS ɗin ne aka buɗe wata 'yar kwaleji a 1960, aka sa mata sunan Sardauna, Kwalejin Ahmadu Bello. Da aka kafa jami'a a Zariya a 1962 aka ba ta wannan suna, sai kwalejin Kano ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, ta shiga ƙarƙashin Zariya. Yara da yawa yau suna zaton sunan marigayi Ado Bayero jami'ar ta ci. Na mahaifinsa ne, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Shi Ado sai a 1963 ya hau gado, bayan an riga an raɗa sunan.

Wurin da nake so mai karatu ya tsaya shi ne 1964. A shekarar ce kwalejin ta ɗauki ɗaliban digiri na farko, su goma, kuma ba ta da ko gida nata. A tsohon otal ɗin filin jirgin saman Kano aka tsugunar da su, ɗakunan baƙi suka zama azuzuwa da ofisoshi. Mutum goma, ba su kai yaran makarantar allo guda ba. Babban masanin adabin Larabci ɗan Sudan, Farfesa Abdullahi Ɗayyib, shi ya jagoranci kwalejin a wannan lokaci, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna irin nauyin da aka ɗora wa ɗan ƙaramin wurin. A 1966 suka kammala, amma takardarsu ta Zariya ce, domin kwalejin a matsayin tsangayar Larabci da addinin Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello take. Sai yaƙin basasa ya zo, zama kusa da filin jirgi ya zama haɗari, aka koma gefen ganuwa wajen ƙofofin Kabuga da Dukawuya, inda ake kira tsohuwar jami'a yanzu. Farfesa Shehu Galadanci ya riƙe ta a shekarun da suka biyo baya, kafin a tafi da shi Sakkwato ya shugabanci sabuwar jami'ar can.

Daga nan abu ya yi sauri. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnatin soja ta yi niyyar ƙara jami'o'i bakwai a 1975. Kano da Ilori da Fatakwal aka fara ba su matsayin kwalejin jami'a: ta Kano tana da majalisar gudanarwarta, amma digirin da take bayarwa da sunan uwarta Zariya ne. A 1977 aka yaye ta, aka cire Abdullahi da kwaleji daga sunan, ta zama Jami'ar Bayero, Dakta Mahmud Tukur ya zama shugabanta na farko. Dokar soja mai lamba 79 ta 1979 ta tabbatar da ita. Farfesa Ezeilo, masanin lissafi daga Nsukka, ya riƙe ta na ɗan lokaci, sannan Farfesa Ibrahim Umar daga 1979 zuwa 1986. Kimiyya ta shigo, da injiniyanci, da lauyanci, da likitanci, da aikin gona. Farfesa Attahiru Jega yana shugabancinta aka ɗauke shi zuwa hukumar zaɓe a 2010.

Mu mutanen karkara muna da hannu a wannan girma, ko da ba a cika faɗa ba. Sabuwar jami'a da ke hanyar Gwarzo, wajen Rimin Gata, a kan gonaki aka gina ta, ƙasar da ake shuka gero da dawa. Ɗanbare da ke tsallaken titi ta cika da gidajen hayar ɗalibai, birni ya taho ya haɗiye ƙauye. Kuma abin ya dawo mana ta wasu ƙofofi. Malamin sakandaren garinmu, da alƙalin kotun shari'a, da likitan da za ka tarar in an tura ka Asibitin Malam Aminu Kano, da wuya ka rasa ɗan Bayero a cikinsu. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta jami'ar ce ta fitar da ƙamusun Hausa zuwa Hausa a 2006, aikin da ni dai nake ganin ba a yaba masa yadda ya kamata ba. Akwai kuma cibiyar binciken noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa, wadda matsalarta ita ce matsalar manomin Gumel da Maigatari. Burina a ga sakamakon bincikenta a bakin gona fiye da yadda ake gani yanzu.

Yau ɗan Jigawa ba lallai sai ya je Kano ba. Ga jami'ar Wudil tun 2001, ga ta tarayya a Dutse tun 2011, ga ta jiha a Kafin Hausa tun 2013. Ana kuma ta ɗaga kwalejoji ana mai da su jami'o'i, har da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Kano. Ina murna da wannan, amma akwai abin da ke damuna. Shekara 17 kwalejin Kano ta yi daga 1960 kafin a kira ta jami'a, mafi yawansu tana goye a bayan Zariya, ana duba jarrabawarta, ana renon malamanta har suka ƙosa. Sauya allon bakin ƙofa aikin yini ɗaya ne. Malamai da ɗakin karatu da ɗakin gwaji su ne masu cin shekaru, kuma su nake so a fara tambaya duk sa'ad da aka yi shelar sabuwar jami'a.

Damuwa ta biyu ita ce kuɗi. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ci wata 8, ɗalibanmu suka dawo gida suka yi damina guda cur a gona. A 2023 kuma kuɗin rajista ya tashi a jami'o'in tarayya. Ɗan birni yana kwana a gidansu ya hau adaidaita. Ɗan ƙauye sai an haɗa masa da kuɗin ɗaki da na mota da na abinci, kuma a rumbu ake yin wannan lissafi, buhu nawa za a fitar, nawa zai rage kafin sabon hatsi. Makarantar da ta faro daga almajirai bai kamata ƙofarta ta fi ƙarfin 'ya'yansu ba.

Da na gama yi wa Baffa bayani, sai na nuna masa takardar shigar yarinyar. Ya kai ta kusa da idonsa, ya tsaya a kan tambarin jami'ar, inda aka rubuta da Larabci, "Wa fauƙa kulli zi ilmin alim." Ya karanta sau biyu, ya ce, "Suratu Yusuf ce wannan." Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya kira babban ɗansa ya ce ran kasuwa a kai ragon nan da buhu biyu na gero, a kuma nemo wa yarinya akwati mai kwaɗo.