Gwajin na'urar sikanin kafin gashin furostet daga ciki: tambayoyi da amsoshi

Ina ruwan sikanin da wannan magani?

A gashin ciki, wato birakiterafi, wanda ake yi don maganin sankara, ana sa abin da ke fitar da radiyeshan ne a cikin furostet ɗin kanta, gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ko a dasa ƙwayoyin aidin-125 masu tsawon milimita 4.5 a bar su, ko a zura iridiyam-192 na ɗan lokaci a janye. Allurai na shiga ta tsakanin maraina da dubura, ta ramukan wani faranti da ke da tazarar milimita 5 tsakaninsu. Likita ba ya ganin inda bakin allura ya kai sai ta hoton sandar sikanin da ke cikin dubura, wadda ke aika sauti cikin jiki ta haɗa hoto daga amsa-kuwwarsa. Ƙarfin radiyeshan kuwa yana raguwa da sauri daga jikin ƙwaya, don haka kuskuren milimita kaɗan ya isa ya bar wani sashe na sankarar bai gasu ba, ko ya ƙona hanyar fitsari da bangon dubura.

Me ake gwadawa, kuma ina iyakar kuskure?

A 2008 ƙungiyar masana fiziks na asibiti ta Amurka, AAPM, ta fitar da rahoton kwamitinta mai lamba 128 kan wannan batu. Ana amfani da jikin gwaji, wani akwati mai ɗauke da zarurruka da dunƙule waɗanda an san ainihin tazararsu da girmansu. Awon nisa ta hanyar da sauti ke tafiya kada ya kauce fiye da milimita 2 ko kashi 2 cikin ɗari, na gefe zuwa gefe milimita 3 ko kashi 3. Faɗi da girma, kashi 5. Zurfin da hoto ke kaiwa kada ya canza da fiye da santimita 1 daga awon farko, iya rarrabe abubuwa biyu na kusa da juna kuma milimita 1. Shi ya sa dole a rubuta saitin na'ura a ajiye hotunan gwajin farko, don da su za a riƙa kwatantawa.

Wane gwaji ne ya fi muhimmanci?

A ganinmu, daidaiton faranti. Ɗigogin da ake gani a allo, masu nuna inda ramukan faranti suke, kwamfuta ce ke zana su a kan hoton, ba ramukan gaske ba ne. Idan maɗaurin faranti ya lanƙwashe ko sanda ba ta zauna daidai a mazauninta ba, ɗigogin za su ci gaba da bayyana tsaf, alhali kowace allura tana sauka a gefe. Ido ba ya kama wannan a ɗakin tiyata.

Ga yadda ake yi: a haɗa sanda da maɗauri da faranti yadda ake haɗa su ranar aiki, a nutsa sandar a bokitin ruwa, a zura allurai miƙaƙƙu ta kusurwoyi huɗu da tsakiya. Kowace allura za ta fito a allo kamar ɗan farin tabo. A auna tazararsa da ɗigon da ya kamata ya hau. In ta wuce milimita 3, ba a ci gaba da aiki da na'urar sai an gyara. A tabbata allurar ba ta lanƙwashe ba: a juya ta a cikin ramin, in tabon ya yi zagaye, laifin allura ne.

Ruwan famfo ya wadatar?

A nan ake yawan tuntuɓe. Na'ura tana lissafin nisa ne a kan cewa sauti na tafiya mita 1540 a daƙiƙa, kamar a tsokar mutum. A ruwa mai ɗumin digiri 20 kuwa wajen mita 1480 yake yi. Amsa-kuwwar tana makara, sai allura ta bayyana nesa da inda take da kusan kashi 4 cikin ɗari: milimita 2 ke nan a layin da ke santimita 5 daga sanda. Wanda bai lura ba sai ya gyara na'ura mai lafiya, ya ɓata ta da hannunsa. Mafita ita ce a ɗumama ruwan zuwa wajen digiri 48, ko a gauraya shi da etanol kashi 9.5 cikin ɗari. A bar ruwan ya kwanta tukuna, don kumfar iska ta fita.

Me zai sa awon girman furostet ya yi ƙarya?

Ana ja da sanda baya taki-taki, milimita 5 kowane taki, a zana iyakar gaɓar a kowane hoto, a ninka da tazarar. In maɗaurin da ke jan sandar ya ci har yana tafiya 4.5 maimakon 5, girman zai ƙaru da wajen kashi 11, yawan ƙwayoyin da za a tsara ma ya biyo shi. A auna takin da ma'auni, sannan a kwatanta girman da sikanin ya bayar da na kwamfutar tsara magani.

Yaushe ake yin gwajin?

Cikakke idan an karɓi sabuwar na'ura, sannan duk shekara, da bayan gyara, sauya manhaja, ko faɗuwar sanda. Ranar aiki kuma a duba sanda ko ta tsage, a fitar da iskar da ke tsakaninta da robar da aka sa mata, a kalli allo: baƙin layi da ya tsaya wuri guda ko an motsa sanda alama ce ta cewa wani ɓangaren idon sandar, wato wurin da ke aika sauti da karɓarsa, ya mutu.