Ciwon gwiwa na yawan atisaye ga 'yan tseren dogon zango

Ciwon gwiwa na yawan atisaye ciwo ne da ke tasowa a hankali, ba tare da faɗuwa ko targaɗe ba, idan aka ɗora wa gaɓar aikin da ya fi ƙarfinta. Ya fi kama masu gudun fanfalaki, matuƙa keke da kuratan soja. Galibi yana bayyana ne 'yan makonni bayan an sauya salon horo.

Dalilinsa a bayyane yake. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da sabon aiki, amma jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi, da guringuntsin gwiwa, suna ɗaukar watanni kafin su yi ƙwari, domin jinin da ke isa gare su kaɗan ne. Sai mutum ya ji numfashinsa ya ƙaru, ya ƙara nisa, alhali gwiwar ba ta shirya ba. Wanda ya ninka kilomitocinsa don shirin tseren Legas da ake yi tun 2016, ko ya bar turɓaya ya koma kwalta, ko ya dawo daga hutun azumi ya ɗora daga inda ya tsaya, duk suna cikin wannan haɗari. Gudun gangara ya fi hawan tudu wahalar da gwiwa.

Inda ciwon ya tsaya yakan nuna irinsa. Mafi yawa shi ne na kewayen ƙoƙon gwiwa, wanda ke tsananta wajen sauka daga bene, tsuguno, ko dogon zama a mota. Na biyu yana gefen waje, inda doguwar jijiyar da ta taso daga ƙugu ta bi ta kan ƙashin cinya. Yakan fara ne daidai nisa ɗaya a kowane gudu. Na uku yana ƙasan ƙoƙon, a jijiyar da ta haɗa shi da ƙwauri. Ga mai keke, sirdin da ya yi ƙasa yakan jawo ciwon gaba, wanda ya yi sama kuma ciwon baya ko na gefe.

Magani yana farawa da tambaya guda: me aka sauya? Sai a janye wannan abin. Kwanciya gaba ɗaya ba ta da amfani sosai, don ciwon kan lafa, amma tsoka ta saki, da an koma fili sai ya dawo. Abin da likitocin gashin ƙashi ke ba da shawara shi ne a rage nisa da sauri zuwa matakin da ciwon bai wuce kusan 3 ba a ma'aunin tsananin ciwo na 0 zuwa 10, kuma ya kwanta cikin awa 24. Idan aka wayi gari ya ƙaru, an yi yawa. Iyo ko tafiyar ƙafa na iya cike giɓin.

Babban aikin shi ne ƙarfafa tsokar gaban cinya da ta ƙugu, sau biyu ko uku a mako, na tsawon mako 6 zuwa 12. Wannan ne bincike ya fi goyon baya, kuma shi ne mutane suka fi gudu, saboda yana buƙatar haƙuri. Gajarta taku, a ƙara yawansa da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, shi ma yana rage nauyi a kan ƙoƙon. Akwai ƙa'idar nan ta kada a ƙara nisan gudu fiye da kashi 10 cikin ɗari a mako. Ma'auni ne na taka-tsantsan kawai, jiki ya bambanta.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne shan ibuprofen ko diclofenac kafin gudu. Suna rufe ciwon da ya kamata ya tsayar da mutum, kuma a lokacin zafi, ga ƙishirwa, suna iya illata ƙoda.

Yawanci ba a buƙatar hoto ko tiyata. Amma idan gwiwa ta kumbura, ta yi zafi a taɓawa, tana maƙalewa ko sulluɓewa, ko akwai zazzaɓi, ko mutum ya kasa taka ƙafar, to a je asibiti ba tare da jinkiri ba, domin wannan ya wuce ciwon atisaye.