Tallafa wa iyali yayin jiran gano ciwon yaro a Maraɗi

Jiran gano ciwo shi ne lokacin da ke tsakanin ranar da iyaye suka lura da wata matsala a jikin yaro da ranar da likita ya tabbatar da abin da ke damunsa. Tsawonsa ya danganta da irin ciwon. Awon zazzaɓin cizon sauro na gaggawa yana ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 20, amma farfaɗiya, ciwon zuciya da aka haifi yaro da shi, kurumta, ko jinkirin tafiya da magana na iya ɗaukar makonni ko watanni, domin sai an bi matakai daga ƙaramin gidan likita na ƙauye zuwa cibiyar lafiya ta CSI (Centre de santé intégré), zuwa asibitin gunduma, sannan manyan asibitocin birnin Maraɗi, wani lokaci har Yamai, mai nisan fiye da kilomita 600.

Cutar sikila, wadda ake kira emasi, misali ce mai kyau. Alamominta, kamar kumburin hannuwa da ƙafafu, ba su cika bayyana ba sai jariri ya kai kimanin wata 6. Awon Emmel yana nuna akwai jinin sikila ne kawai, ba ya bambanta mai AS (wanda ke ɗauke da gadon cutar kawai) da mai SS (wanda ke da cutar), don haka sai an ƙara da awon elektiroforez, mai tantance nau'in jinin, kafin a yanke hukunci. Iyayen da ba a yi wa wannan bayani ba sukan ɗauka awon farko ya gama magana.

Nauyin jiran yakan faɗa kan uwa, domin ita ce ke zaman jinya, ta bar sana'arta da sauran ƴaƴanta a hannun kaka ko abokiyar zama. Tun 2006 Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, sai dai kuɗin mota, abincin mai jinya da maganin da aka rasa a asibiti duk daga aljihun maigida suke fitowa, kuma da damina, lokacin da hatsi ya ƙare a rumbu kuma zazzaɓi ya yawaita, abin ya fi tsanani. A nan ne gudummawar dangi, dubiyar maƙwabta da adashi ke shigowa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara kafawa a yankin Maraɗi a 1991, suna ba mambobinsu rance daga asusunsu, kuma da yawansu suna ware wani kaso domin lalura irin wannan.

Tallafin da ya fi kowane amfani, ko da yake ba ya cin ko dala, shi ne bayani da harshen da uwa ke ji: wane awo aka yi, yaushe za a dawo, me za a yi kafin nan. Rashinsa ne ke sa a riƙa alaƙanta farfaɗiya da iskoki, ko a ɗora wa uwa laifin ciwon gado wanda uba da uwa duka ke da hannu a cikinsa. Ana shawartar iyaye su adana karnen lafiyar yaro da takardun awo wuri guda, su kuma riƙe lokacin da alamomi ke tasowa. Idan yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya ci, ya yi jijjiga, ko jikinsa ya saki ba ya farkawa sosai, ana komawa da shi asibiti nan take ba tare da jiran ranar sakamako ba.