Lambun bango na tsirrai masu ajiye ruwa: tambayoyi da amsoshi

Wane irin lambu ne wannan, kuma me ya sa sai waɗannan tsirrai?

Lambu ne da ke hawa sama maimakon ya shimfiɗu a ƙasa. Mai zama a gidan haya, wanda tsakar gidansa ba ta wuce wajen shanya da murhu ba, yana da bango ko katanga da ba ta aikin komai, nan ake rataya shi. Tsirran da suka fi dacewa su ne masu kaurin ganye ko kara, waɗanda ke adana ruwa a jikinsu. Saiwarsu ba ta nutsewa can ƙasa, don haka 'yar ƙasa kaɗan ta ishe su. Yawancinsu kuma da dare suke buɗe ƙofofin numfashin da ke jikin ganyensu, da rana su rufe, shi ya sa ba sa asarar ruwa kamar alayyafo ko latas.

Akwai wani salon lambun bango da Patrick Blanc, Bafaranshe masanin tsirrai, ya yi suna a kansa, irin wanda ya lulluɓe bangon gidan tarihin Quai Branly a Paris. Wancan sai da famfo da bututun da ke shayar da shi kullum. Ba shi muke nufi ba.

Sai na nemi irin na ƙasashen waje da ake gani a hotuna?

A'a, kuma ni da na gida nake so a fara. Waɗanda suka cika hotuna a intanet galibi Echeveria ne, 'yan asalin Meziko da maƙwabtanta, ko Sempervivum na tsaunukan Turai. Na biyun bai saba da zafin da ya haura digiri 40 ba, kamar yadda ake yi a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a Afrilu. Na farkon yana iya rayuwa idan ya samu inuwar yamma, kuma ya fi jin daɗi a wuri mai sanyi-sanyi kamar Jos.

Namu fa? Ga karan masallaci, gajere ne, yana yaɗuwa da kansa, fari bai dame shi ba. Ga moda, wadda ke jure inuwa fiye da sauran. Ga shuka-halinka, da ganye ɗaya ya faɗi ƙasa sai 'ya'ya su tsiro a gefensa. Ga zabuwa da alobera, amma ƙanana za a ɗauka, domin idan sun girma nauyinsu yana rinjayar akwati. Haworthia ta Afirka ta Kudu ma tana yi a inuwa idan an same ta wurin masu sayar da furanni.

Wane bango zan zaɓa?

Nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani. Bangon da ke kallon yamma a guje shi: ranar la'asar tana gasa siminti, simintin kuma ya ci gaba da fitar da zafi har bayan magariba, saiwa ta dahu. Bangon da ke kallon gabas yana samun hasken safe mai taushi, awa huɗu zuwa biyar, wanda shi ake so. Sai dai magina na gargajiya sun daɗe da sanin cewa hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas shi ke shan dukan ruwa. To a zaɓi gabas ɗin, amma ƙarƙashin rumfa ko bakin kwano, kuma nesa da indararo.

Kada a manna akwatin da jikin bango, a bar tazarar yatsu biyu ko uku don iska ta wuce. Idan ginin ƙasa ne, kada ma a rataya. A kafa katako ko tsani a gabansa a ɗora a kai, domin danshi yana cin ginin ƙasa.

Yaya ake haɗa shi?

Hanya mafi sauƙi ita ce kanta mai hawa uku ko huɗu da ƙananan tukwanen ƙasa da aka huda gindinsu. Gorunan roba da aka yanke gefe aka jera a igiya ma suna yi, ko da yake rana tana busar da roba ta farfashe.

Mai son irin wanda ke rataye kamar hoto sai ya sa kafinta ya yi masa akwati mai zurfin santimita 8 zuwa 10, a huda gefen da zai kalli ƙasa, a ɗaura wayar raga a fuska. A cika da ƙasa ta cikin ragar. A yanko rassa a ajiye su a inuwa kwana uku zuwa mako guda har bakin yankan ya bushe. Wanda aka dasa da ɗanyen rauni ruɓewa yake yi. Sannan a cusa su ta ramukan ragar. Daga nan sai haƙuri: akwatin ya kwanta a ƙasa mako shida zuwa takwas har saiwa ta kama, kafin a miƙar da shi. Masu gaggawa da safe suke tsintar shukarsu a ƙasa.

A lura da nauyi. Akwati mai santimita 50 tsawo, 50 faɗi, 8 zurfi yana cin lita 20 na ƙasa, wato kusan kilo 30 idan ta jiƙe. Ƙusa ɗaya ba za ta riƙe ba. Katakon kuma a shafe shi da fenti saboda gara.

Wace irin ƙasa?

Wadda ruwa ke wucewa nan take. Kashi biyu yashin rafi mai tsakuwa, kashi ɗaya ƙasar lambu, kashi ɗaya ɓarɓashin gawayi ko dakakken jan bulo, da ɗan tsohon taki da ya gama ruɓewa. Laka da ɗanyen kashin kaji ba su da wuri a nan.

Sau nawa zan ba da ruwa?

Kada a bi kalanda, a bi ƙasar. A soka tsinken tsintsiya. Idan ya fito da danshi a bari. A bazara yakan kai sau ɗaya a mako, da hunturu ya fi haka tazara. Idan za a ba su, a sauke akwatin, a kwantar, a jiƙa shi sosai, a bar shi ya tsane sannan a mayar. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum ba ya kai wa saiwa. Ruwan alwala yana yi, ruwan wanki mai omo ba ya yi.

Abin da ya fi kashe su a wurinmu ruwan Agusta ne, ba fari ba. Idan ganye ya yi laushi, ya koma rawaya, yana faɗuwa da an taɓa shi, ruwa ya yi yawa: a daina bayarwa, a yanke lafiyayyen saman, a busar, a sake dasawa. Idan kuwa ganyen ya yamutse ne kawai, ƙishirwa ce, shayarwa ɗaya ta warkar da shi. A akwatin da ke tsaye, layin sama ya fi saurin bushewa, na ƙasa ya fi tara ruwa, don haka akan juya shi lokaci-lokaci idan tsirran gajeru ne.

Ƙwari da ƙura fa?

Wani farin ƙwaro mai kama da auduga yakan maƙale a gindin ganye, sau da yawa tururuwa na biye da shi. A goge shi da auduga da sifirit na kemis. Ƙurar hunturu kuma a share ta da burushi mai laushi, don tana tare haske.

Akwai haɗari ga yara ko dabbobi?

Akwai, kuma ba na wasa ba. Farin ruwan tinya da aguwa yana ƙona fata, idan ya shiga ido yana iya yin mummunar illa. Kariya, duk da kyawun furenta, ruwanta guba ne. Shuka-halinka da danginta suna cutar da awaki da tumaki idan sun ci da yawa. A gidan da ke da yara masu rarrafe ko akuya a sake, a bar tinya da kariya gaba ɗaya, sauran kuma a rataye su inda hannu da baki ba sa kaiwa. Masu ƙaya irin murtsunguwa kada a sa su daidai fuskar mutum a hanyar wucewa.