Badaƙalar ɗakunan gwajin ƙwaya a Massachusetts: wa kotu ta wanke, kuma daga me?

Duk lokacin da aka tayar da zancen shari'o'in ƙwaya da aka soke a jihar Massachusetts ta Amurka, bayan an gano ma'aikata biyu na ɗakunan gwajin ƙwaya na gwamnati sun gurɓata hujja, sai ka ji magana biyu masu karo da juna. Wasu su ce kotu ta buɗe gidajen yari ta saki dillalan hodar iblis dubbai. Wasu kuma, galibi waɗanda abin ya shafa ko danginsu, su ce kada ka kuskura ka tono tsohuwar shari'a, za a sake gurfanar da kai a ɗaure ka fiye da na farko. Duka biyun ba haka suke ba, kuma hukunce-hukuncen kotun ƙolin jihar suna nan a rubuce.

Sai an san yadda gwajin yake kafin a gane ɓarnar. Idan 'yan sanda suka kama mutum da farin gari a leda, ba a cewa koken ne, wato hodar iblis, sai an kai ɗakin gwaji. Mai gwaji na farko zai sa hannu a littafin ajiya cewa ya ɗauko ƙunshin, ya auna nauyinsa, ya ɗiga masa ruwan sinadari ya ga launin da zai koma, ya duba ƙwayoyin garin a madubin ƙara girma. Sannan ya ɗibi ɗan kaɗan a 'yar kwalba ya miƙa wa mai gwaji na biyu, wanda zai sa shi a na'urar GC-MS da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Idan sakamakon biyu ya dace, sai a rubuta takardar shaida, su biyun su sa hannu. Nauyin nan kuwa shi ne kan gaba: a lokacin, gram 14 na koken ya isa a mayar da tuhuma ta zama fatauci, mai ɗaurin dole wanda alƙali ba shi da ikon ragewa.

Annie Dookhan, wadda ta yi aiki a ɗakin gwajin Hinton da ke unguwar Jamaica Plain a Boston daga 2003 zuwa 2012, tsallake matakin farko take yi. Sai ta tara ƙunshi masu kama da juna, ta gwada kaɗan, sauran ta dube su da ido ta rubuta koken ko hiroyin. Idan na'ura ta ƙaryata ta aka dawo mata da kwalbar, wani lokaci sai ta zuba ƙwayar gaske a ciki don sakamako ya dace. Tana kammala samfuri sama da 500 a wata yayin da abokan aikinta ke yin 50 zuwa 150, shugabanninta kuma suna ganin ƙwazo ne. Har digiri na biyu ta yi iƙirarin tana da shi alhali ba ta da shi. A Yunin 2011 aka kama ta ta ɗauki samfuri 90 ba tare da rajista ba, ta kuma kwaikwayi sa hannun abokiyar aikinta, amma ba ta bar aikin ba sai Maris 2012. A 2013 ta amsa laifuka 27, aka yanke mata shekara 3 zuwa 5.

Guguwar ta taɓa manya. Gwamna Deval Patrick ya rufe ɗakin gwajin a ƙarshen Agustan 2012, kwamishinan lafiya John Auerbach ya yi murabus a Satumba, wani mai gabatar da ƙara na yankin Norfolk ya ajiye aiki bayan an ga saƙonnin da yake musaya da ita. Rahoton sufeto-janar na jihar, mai binciken ɓarna a hukumomin gwamnati, a 2014 ya ce ita kaɗai ta yi ɓarna da gangan a Hinton, amma ya ɗora wa shugabannin laifin sakaci. Ɗakin da ake ɗaure mutane da takardunsa ko shaidar inganci daga hukumar tantancewa ba shi da ita.

To me dokar ta ce? Mataki uku ne, kuma ruɗanin yana zuwa ne daga cakuɗa su.

A 2014, a shari'ar Scott, kotun ƙolin jihar ta ce idan sa hannun Dookhan yana kan takardar shaidarka, ko a matsayin mai gwaji na farko ko na biyu, ba sai ka kawo hujjar cewa naka ƙunshin ta lalata ba. Kotu ta ɗauka kai tsaye cewa gwamnati ta tafka babban laifi a shari'arka, kuma masu gabatar da ƙara ba su da damar musantawa. Dalilin a fili yake: ita kanta ba ta iya tuna waɗanda ta gwada da waɗanda ta duba da ido. Sai dai wannan rabin hanya ne. Yawancin mutanen nan ba a yi musu cikakkiyar shari'a ba, amsa laifi suka yi don a sassauta musu. Saboda haka aka ce sai mutum ya gamsar da alƙali cewa da ya san halin mai gwajin, akwai yiwuwar da bai amsa ba. Wanda aka kama da sikeli da ƙullin leda da kuɗi, ko wanda ya sayar wa ɗan sandan ciki hannu da hannu, zai sha wahala a nan.

Tsoron sake ɗauri kuwa an kashe bakinsa tun 2015, a shari'ar Bridgeman ta farko. Wanda ya janye amsa laifinsa saboda Dookhan, ba za a tuhume shi da laifin da ya fi wanda ya amsa girma ba, kuma ko an sake kama shi da laifi ba za a ba shi hukuncin da ya wuce na farko ba. Kafin wannan hukunci mutane da yawa sun yi shiru ne saboda tsoron a dawo da tuhumar fataucin da aka janye musu lokacin sulhu.

Na uku shi ne wanda ya yi amo. Shekaru suka shuɗe ana bin shari'o'in ɗaya-ɗaya, ga lauyoyin gwamnati masu kare marasa galihu ba su da yawan da za su ɗauki dubban mutane. A Janairun 2017, a shari'ar Bridgeman ta biyu, kotun, da alƙalamin babban jojinta Ralph Gants, ta ƙi soke komai a dunƙule, amma ta bai wa masu gabatar da ƙara kwana 90 su ware shari'o'in da za su iya sake kafawa da wata hujjar da ba ta bi ta hannun Dookhan ba, sauran su janye. A Afrilu aka kori shari'a 21,587, aka riƙe 'yan ɗaruruwa kawai.

A nan ne masu cewa an saki dillalai suke kuskure. Yawancin mutanen sun riga sun gama zaman gidan yarinsu kafin 2017, kuma mafi yawan shari'o'in ƙanana ne, da dama na mallakar ɗan abin sha ne. Abin da aka ɗauke musu shi ne tabon da ke hana su aiki da gidan haya na gwamnati. Kuma tuhumar ƙwaya kaɗai aka soke. Idan a shari'a ɗaya an kama ka da laifin riƙe bindiga ba lasisi ko duka, wannan yana nan daram. Korar kuma ta dindindin ce, wato ba za a sake shigar da wannan tuhumar ba har abada. Amma kotu ba ta ce ba ka aikata ba. Cewa ta yi gwamnati ba ta da hujjar da za a amince da ita. Babu shakka akwai masu laifi da suka ci bulus. Sai dai wanda ya riƙe hujja ya gurɓata ta da hannunsa, shi ya kamata ya ɗauki asarar, kuma shekara biyar da aka kwashe ana jan ƙafa ta fi korar kanta zama abin kunya.

Badaƙala ta biyu, ta ɗakin gwajin garin Amherst, ta fi muni, domin ɓarnar ta wuce ɗakin gwaji. Sonja Farak, mai gwaji a can, shan kayan take yi: ta fara da ƙwayar metamfetamin da ake ajiyewa don daidaita na'urori, ta koma ɗibar koken daga ƙunshin 'yan sanda, tana gwaji tana cikin maye. An kama ta a Janairun 2013, aka ɗaure ta wata 18. A motarta an samu takardun jinyar da ta cike da hannunta, masu nuna ta daɗe tana sha, amma ofishin antoni-janar ya lissafa su a matsayin tarkacen takardun aiki, ya ci gaba da cewa abin na 'yan watanni ne. Sai a 2014 Luke Ryan, lauya mai kare waɗanda ake tuhuma, ya samu izinin duba su da idonsa. A 2017 Mai shari'a Richard Carey ya ce lauyoyin gwamnati biyu, Anne Kaczmarek da Kris Foster, sun yaudari kotu. A 2023 aka ƙwace lasisin ta farkon, aka dakatar da ta biyun shekara ɗaya da kwana ɗaya.

Saboda wannan ɓoyon ne hukuncin Oktoban 2018 ya fi na Dookhan faɗi. Ya shafi duk wanda Farak ta sa hannu a takardarsa, da duk shari'ar metamfetamin da aka gwada a Amherst lokacin aikinta, da duk samfurin da aka gwada a ɗakin daga 1 ga Janairu 2009 zuwa 18 ga Janairu 2013, ko wa ya gwada shi. Shari'o'i sama da 16,000 suka faɗi. Masu gabatar da ƙara ba a ba su zaɓin riƙe ko ɗaya ba.

Maganar kuɗi ma ana zuzuta ta. Yarjejeniyar kusan dala miliyan 14 da aka cimma a 2022 ga mutum wajen 31,000 ba diyyar zaman kurkuku ba ce, mayar da tara da kuɗin sa ido a ɗaurin talala da sauran kuɗin kotu da suka biya ne. Kuɗi ko motar da 'yan sanda suka ƙwace hanyarsu daban, sai mutum ya shigar da nasa ƙorafin.

Ga baƙi mazauna Amurka akwai abin lura. Hukumar shige da fice ba ta kallon hukuncin da aka share don jin ƙai ko don mutum ya shiryu, tana nan tana lissafa shi. Wanda aka soke saboda aibi a cikin shari'ar kanta, irin waɗannan, ba a ƙidaya shi a matsayin hukunci. Don haka kwafin umarnin kotu mai nuna dalilin korar ya fi muhimmanci a kan takardar da ta ce an kora kawai. Duk da haka jami'an biza suna da ikon hana mutum shiga idan suna da dalilin zargin fatauci ko babu hukunci, kuma wanda aka riga aka tasa ƙeyarsa gida, soke shari'ar ba ya dawo da shi kai tsaye, sai ya nemi a sake buɗe fayil ɗinsa a kotun shige da fice.