Taba gari ma taba ce a idon dokar Chadi

Masu sayar da taba gari da yawa a Injamena sun ɗauka dokar taba ta 'yan sigari ce kawai, tunda nasu kayan ba ya hayaƙi. Ba haka abin yake ba.

Chadi ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2006. A wannan yarjejeniya, duk abin da aka sarrafa da ganyen taba, na zuƙa ne, na tsotsa, na tauna ko na shaƙa, sunansa taba. Daga nan ƙasar ta yi nata, doka mai lamba 010 ta shekarar 2010. Ta hana busa hayaƙi a wuraren taruwar jama'a, ta hana tallar taba, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Hanin farko bai shafi mai cusa gari a leɓe ba. Sauran biyun kuwa sun hau kansa daram.

To, yaron da kakansa ya aika da dala biyar fa? A nan gizo yake saƙar. Mai tebur zai ce ai na tsoho ne. Amma hannun da ya miƙa kuɗi ya karɓi ƙullin na yaro ne, kuma a hanyar dawowa ake fara ɗanɗanawa. A ganina mai sayarwa ba shi da mafaka a nan, ya ce wa yaron, "Je ka ce Baba ya zo da kansa."

Abin da ke jan samari a fili yake. Ga araha, ba wari a riga, ana iya zama da ita a aji ko a kan babur ba wanda ya lura. Wasu ma sun yarda tana maganin ciwon haƙori ko mura. Kanwar da ake dakawa a ciki, irin wadda ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi, ita ke sa nikotin ya ratsa fatar baki ya shiga jini da sauri, shi ya sa kamun yake da ƙarfi, barin kuma da wuya. Masu binciken cutar kansa sun tabbatar taba marar hayaƙi tana jawo kansar baki da ta maƙoshi. Tumbak, garin taba irin na Sudan, wanda ake haɗawa da kanwa, yana cikin waɗanda suka fi yawan sinadaran da ke haddasa kansar. Duba leɓen wanda ya daɗe yana sawa: dadashi ya janye, haƙora sun rine, wani lokaci ga farin tabo da ba ya gogewa. Irin wannan tabo na asibiti ne, kada a jira.

Inda dokar ta gaza shi ne gargaɗi. Tun 2015 aka wajabta hotunan cuta a kwalin sigari, manya, ba mai iya kauce musu da ido. Garin da ake aunawa da cokali a ƙulle a leda ba kwali, ba rubutu, ba hoto. Ya kamata ma'aikatar lafiya ta tilasta kafa allon gargaɗi a kan kowane teburin taba gari, da Larabci da Faransanci, kuma masu unguwanni su riƙa faɗa da baki ga waɗanda ba sa karatu.